Samma'a da Nagama: Jawabin Magatakardan Ƙungiya a Taron Zagayowar Shekara

 

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, malamanmu, alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa fatake da direbobi, da ku da kuka taso daga Sinnar da Sinja da Madani da Gadarif, sannunku da zuwa Mai Wurno. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

An gama karanta lissafin kuɗi, an yi wa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya addu'a. Abin da aka ba mu mu yi magana a kai ƙaramin abu ne a ido, har wani dattijo ya yi mana dariya da ya ji. Amma mu da ke zaune a ofis muna rubuta ƙorafi, mun ga yadda cikin 'yan shekarun nan ƙorafin ya tashi daga buhu da awo ya koma kan waya. Abu biyu za mu taɓa: samma'a, wadda 'yan'uwanmu na Kano ke ce wa iyafis, da nagama, wato kiɗan da waya ke yi idan an kira.

Kakanninmu da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 sai su yi watanni ba su ji labarin Sakkwato ba, sai in wani mai niyyar Hajji ya biyo da shi a baki. Yau mutum yana kan buhun riɗi a Gadarif yana tambayar farashi a Matamma. Tun da Mobitel ta koma Zain a 2007, ga Sudani ga MTN, waya ta zama rumfar da bafatake ke yawo da ita a aljihu. Lambar dillali tana ciki, lambar mai bin ka da wanda kake bi suna ciki, saƙon hawala yana ciki.

Mu fara da samma'a. Kuskuren da aka fi yi shi ne a aiki yaro ya sayo, wayar tana gida. Ku tafi da wayar kasuwa, domin bakin jona samma'a ba iri ɗaya ba ne ko a cikin Nokia kaɗai. N70 da N73 suna da baki mai faɗi a ƙasa. Nokia 6300 rami ne siriri na milimita 2.5. N95 da 5310 ramin ya fi kauri, milimita 3.5. A da Sony Ericsson tana da nata mai faɗi, Samsung ma da nata, kuma babu wanda ke shiga na wani. A mai kaurin nan, ku ƙirga zoben da ke jikin tsinken. In biyu ne, ta sauraro ce kawai, za ka ji mutum shi ba zai ji ka ta cikinta ba. Mai zobe uku ce ke da makirufo. Ko ita ɗin ma akwai sauran magana, don kamfanoni ba su jera wayoyin cikinta iri ɗaya ba. Alamar ita ce ka ji murya can nesa kamar daga cikin rijiya, sai ka danne maɓallin sannan ta fito fes. In ka ji haka samma'ar ba lalatacciya ba ce, ba ta wayarka ba ce kawai. Mayar masa ya ba ka wata.

Mai shago zai sa maka waƙa ka ji yadda ganga ke dukan kunne. Wannan gwajin samari ne. Mu da muke ciniki, makirufo muke saye. Tsaya nan bakin shagon, cikin hayaniyar raksha da masu talla, ka kira ɗan'uwanka ka faɗa masa lambobi: sittin da bakwai, saba'in da shida. Ka ce ya maimaita. In ya maimaita daidai, biya. In ya ce "na'am?" sau biyu, ajiye. A bana an kawo mana rigima tsakanin mambobi biyu a kan lodin albasa, ɗaya ya rantse ya ce sittin, ɗayan ya rantse tis'in ya ji. Dukansu mutanen kirki ne, babu maƙaryaci a ciki. Ɗayan yana bayan lori ne iska na kaɗa makirufo. Sai da dattawa suka zauna sau biyu kafin a raba asarar.

Ana yawan tambayar mu, mai igiya ko mai Bluetooth? Ra'ayinmu, ga mai doguwar tafiya, mai igiya. Ba ta cin caji nata na kanta, tana da araha, in ta tsinke a Gallabat ka sayi wata ba ka yi kuka ba. Kuma rediyon FM da ke cikin waya yawanci ba ya kamawa sai da ita, don igiyar ce eriyarsa. Aibinta a wuya take mutuwa, daidai inda igiya ta haɗu da tsinke, saboda naɗe ta da muke yi a jikin waya. Ku daina naɗewa haka, ku sa mata ɗan maƙalin nan a wuyan riga.

Mai Bluetooth tana da daɗi ga wanda ke tsaye wurin awo hannuwansa biyu na aiki, waya tana cikin aljihun jallabiya ba a fito da ita gaban jama'a ba. Nisanta kamar mita 10 ne, in akwai bango ko jikin mota bai kai haka ba. Ranar farko sai an haɗa ta da waya, a da lambar da ake tambaya yawanci 0000 ce. Amma ta ƙara maka caja ta biyu, kuma kun san halin wuta a ƙauyukan da muke kwana. Kada a bar ta gaban gilashin mota da rana, zafi yana kashe batirinta. Sannan wata magana ta tarbiyya: idan ka zo gaban dattijo, ko gaban ma'aikacin jamarik a kan iyaka, cire ta daga kunne. Shi bai san ko da shi kake ba ko da wani a Umdurman, kuma ma'aikacin da ya ga kamar ka raina shi ba zai yi saurin buga maka hatimi ba.

'Yan'uwa direbobi, ku ne muka fi ji. Kunne ɗaya kawai, ɗayan na hanya ne, na hon da ƙarar taya. Kada kuma samma'a ta ruɗe ku ku ɗauka an gama da haɗari. An yi wani bincike a Toronto ta Kanada, aka buga shi a 1997, aka ga mai magana a waya yana tuƙi haɗarinsa ya ninka kusan sau huɗu, kuma ba a ga wani sauƙi ga masu magana ba tare da riƙe wayar ba. Dalilin a fili yake: hannu yana kan sitiyari, hankali yana Matamma wurin farashin gahawa. "Na kusa, ina Fao" ba komai. Amma ciniki, ko rigimar bashi, ko labarin gida mai tayar da hankali, a sauka gefen kwalta a gama sannan a tashi. Masu kaya, mu ma da namu laifin, mu ne ke kiran direba sau goma tsakanin Madani da Gadarif.

To ina nagama ta shigo? Idan samma'a tana kunne waya tana aljihu, ba ka ganin sunan mai kira. Nagama ce idonka. Shi ya sa muke cewa a daina ɗaukar ta abin ado. Ka ba gida nagama ɗaya, direbanka ɗaya, dillalinka na kan iyaka ɗaya, sauran jama'a su tafi da ta kowa. Ko kana tsakiyar ƙirga kuɗi ka san kiran da za a katse ƙirga dominsa. Mai sayen Bluetooth ya gwada wannan ma a shago, don wasunsu ba sa kawo nagamar waya cikin kunne, wani ɗan ƙara nasu suke yi iri ɗaya ga kowa.

Sai dai waya ba ta yarda ta ba mutum nagamarsa in lambarsa a kan shariha take, wato layi. Sai an kwafe sunayen zuwa cikin wayar kanta. Wannan ya dace da mu ta wata fuskar, don mu masu canja shariha ne. Ka tsallaka Matamma ka sa ta Habasha, ka nemi lambar mutanenka ka tarar sun tafi da sharihar Sudan da ke cikin jakar kuɗi. Ku kwafe su cikin waya, ku bar na kan shariha a matsayin ajiya, kuma ku rubuta kowace lamba da mabuɗin ƙasarta: +249 Sudan, +251 Habasha, +235 Chadi, +234 Najeriya, +227 Nijar, +966 Saudiyya. Lambar da aka rubuta haka tana fita daga kowace ƙasa.

Hanyar sa nagama da ta fi lafiya ita ce daga wayar wanda ka sani zuwa taka ta Bluetooth, kuna zaune tare, in an gama kowa ya kashe nasa. Nagama sunanta yana ƙarewa da mp3, ko mid, ko amr in murya ce aka ɗauka da waya. Ba ta neman izinin tasbit. Duk abin da ya shigo yana cewa a yi masa tasbit, ko sunansa ya ƙare da sis, ba nagama ba ce. A da masu N70 da 6600 su suka fi shiga wannan. An yi ƙwayar cuta mai suna Cabir da ta fito a 2004, tana zuƙe batir tana neman wayoyin kusa. An kuma yi CommWarrior ta 2005 wadda ta fi ta mugunta, tana aika kanta ga sunayen da ke wayarka ta saƙon hoto, rasidinka ne ke biya, mutuncinka kuma yana zubewa wurin abokan ciniki. A tasha ko cikin bas in waya ta ce wani yana son aiko maka da abu, ka ce a'a, ko sau nawa ta tambaya.

Masu Nokia 1100 da 1110, ku kwantar da hankalinku. Ba Bluetooth, ba zakira, babu ta inda mp3 za ta shiga, kuma babu ta inda waccan cutar za ta shiga. Kada wani ya karɓi kuɗinku a kan zai sa muku.

Inda muka fi jin tsoro shi ne teburin yaran kasuwa masu kwamfuta. Ba mu ce ɓarayi ba ne, yawancinsu 'ya'yanmu ne masu neman na kansu. Amma ka duba abin da kake yi: ka miƙa waya ko zakira, ka tafi shan shayi, ka dawo bayan rabin sa'a. A cikin zakirar akwai hoton iyalinka, da hoton takardun kaya, wani ma har da muryar cinikin da ya ɗauka don shaida. Kwafe su duka bai fi minti biyu ba. Wani mambanmu ya kai tasa a wata kasuwa a sa masa nagama uku, kwamfutar ta ce zakirar tana da matsala, yaron ya wanke ta tas bai tambaye shi ba. Hotunan rasit na wata huɗu suka tafi, kuma a lokacin yana tsakiyar jayayya da wanda ya ce bai karɓi kaya ba. Zakira ƙarama ba ta da tsada. Ku sayi ɗaya ta daban wadda ba komai a ciki, ita za a miƙa wa yaro, waya tana hannunku. In kun dawo ku kwafe nagamar zuwa cikin wayar kanta, don in ta zauna a kan zakira, ranar da aka cire zakirar waya za ta koma kiɗanta na kamfani, duk rabon da ka yi wa mutane ya rushe. A kuma ce wa yaron ya yanko daƙiƙa 30, ba waƙa sukutum ba.

Nagamar da ake saye ta saƙo, wadda ake tallata lambarta a talabijin, ku karanta ƙananan rubutun. Sau da yawa ba saye ɗaya ba ne, ishtiraki ne, ana ta cira har sai ka soke. Wasu kuma a kulle suke, ba sa tafiya wata waya in ka canja. Haka waƙar da mai kiranka ke ji kafin ka ɗauka: wannan ba a wayarka take ba, tana wurin kamfani, kuma kuɗinta ba sau ɗaya ake biya ba. Wanda ya ga rasidinsa yana raguwa bai yi kira ba, ya fara dubawa nan.

Saura abin da za a zaɓa. Da yawanmu da kyakkyawar niyya muke sa karatun Alƙur'ani ko kiran salla. Malamanmu suna nan zaune, su suka fi mu sani, amma majalisar fiƙihu ta Rabita da ke Makka ta zauna a 2007 ta hana sa ayoyi a matsayin nagama. Ana katse aya a tsakiya don amsa kira, wani lokaci ma'ana ta juye, kuma waya tana shiga inda bai kamata a ji karatu ba. Kiran salla kuma yana ruɗa mutane a kan lokaci. A ɗaya gefen, Alhaji mai furfura da wayarsa ta ɓarke da waƙar fim ɗin Indiya a sahun gaba ranar Juma'a, mun san jikansa ne ya sa masa, amma shi aka kalla. Ga aikinmu, nagama mai kaifi mara waƙa ta fi, wadda za ta huda ƙarar injin lori, a haɗa mata da girgiza.

Daga gobe bayan la'asar har ƙarshen mako, ofis a buɗe yake. Wanda yake so a kwafe masa sunaye daga shariha zuwa waya, a gyara masa mabuɗin ƙasa, a raba wa mutanensa nagama, ya zo da wayarsa da cajarta, a yi a gabansa yana kallo. Hajiyoyinmu kuma an ware musu safiyar Asabar. Wanda zai sayi samma'a ya biyo mu duba masa bakin wayar tukuna mu rubuta masa irinta a takarda.

Mai girma shugaba, a nan muka tsaya.