GYARAN GIDA MAI YARA

(Wanga shi ne jawabin da wani ɗan garinmu, malamin lakkwal, ya yi ranar taron ƙungiya na bayan kaka a Sarkin Hausa. Mun buga shi don ƴan'uwa da ke nesa su karanta, wanda bai iya ba kuma a karanta mishi.)



Ranka ya daɗe mai gari, Allah gafarta malamai, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata da ke bayan danga suna saurare, da ƴan'uwana masu shirin tafiya cin rani, ina gaishe ku baki ɗaya, ina yi muku barka da kaka. Ku gafarce ni, yaro ne ya tsaya gaban manya zai yi maganar gida, alhali a hannunku muka ga yadda ake riƙon gida. Shugabannin ƙungiya ne suka ce in yi, ni kuwa na yarda saboda wani abu da ya same ni bara, wanda ba na so ya sami kowa.

Bara da hunturu na sayo isansi na babur ɗina a cikin kwalbar lemo, ya rage kaɗan, na tura kwalbar ƙarƙashin gado na tafi lakkwal. Ɗana na ukku, wanda lokacin bai cika shekara ukku ba, ya rarrafa ya jawo ta. Shi dai ya san kwalbar lemo, ya kafa baki. Allah ya sa uwarshi ta ji tari ta shigo da gudu. Muka ɗauke shi sai gidan likita, aka duba shi, Allah ya kiyaye. Likita ya ce mun yi daidai da ba mu sa shi amai ba, ba mu ɗura mishi nono ko manja ba, domin isansi da kananzir in suka dawo ta maƙogwaro huhu suke shiga, can ne ɓarnar take. Ku riƙe wagga magana, wata rana za ta yi amfani.

Da muka komo gida ban iya barci ba. Washegari na fito da duk abin da ke ƙarƙashin gadon nan na zube a tabarma. Ga abin da na samu, kuma ina jin kunyar faɗi: rediyo matacce, tocila ukku da ba su kamawa, tsofaffin batir cike da gwangwani, takalma warin ƙafa guda guda, kayena na makarantar horon malamai da gara ta cinye rabi, ledoji ba iyaka, ragowar ƙwayoyin magani da ban san na wace cuta ba ne, da kunama guda mai rai. A can ƙasa kuma sai ga karnen allurar yaron nan, wanda muka yi wata shida muna nema har na zargi uwarshi da sakaci. Ashe ni ne mai laifi. Ni da nake tsayawa gaban yara kullum ina cewa su gyara aji.

Na san abin da wani dattijo zai ce mini: ajiya maganin wata rana. Gaskiya ne, baba, ban musa ba. Amma ajiya daban, tari daban. Ajiya ita ce abin da ka san inda yake, ko cikin dare aka tashe ka za ka miƙa hannu ka ɗauko shi babu fitila. Abin da ka manta kana da shi, ranar buƙata sai ka je kasuwa ka sayi wani, wannan tari ne, kuma gidan ɓera ne da kunama da gara.

Kada wani ya ce wagga dabarar Nasara ce malamin lakkwal ya kawo muna. Ku tuna gidan kakanninmu. Hatsi yana rumbu, ƙwaryar nono tana rataye a ragaya inda yaro da kyanwa ba su kai, hauya da lauje suna soke a jinka, randa tana gindinta da murfi da moɗa, tabarmar kaba da aka saƙa da kabar Gulbin Kaba in an tashi sai a naɗe ta a jingine. Kayan kaɗan ne, kowane da mazauninshi. Ƙwarya in ta fashe a ɗinke, in ta ƙi ɗinkuwa a jefa juji ta zama taki. Abin da ya sake yanzu shi ne kayan da muke kwasowa daga Maraɗi da Tasawa da Kano da Libiya: roba, leda, jarka, batir, waya, caja. Ɗakunanmu ba su ƙaru ba, kayan sun ninka, kuma ba su ruɓewa. Mun iya saye, ba mu koyi rabuwa da su ba.

To, ga abin da na gwada a gidana shekara guda, na ga amfaninshi.

Na farko, ɗaki guda a rana guda. Kada ka ce yau za ka gyara gida duka, za ka gaji ka maida kome yadda yake. A shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a fito da kayan ɗakin kaf, a share, a duba bango da ƙasa ko akwai hanyar gara ko ramin ɓera a toshe. Sannan a kasa kayan kashi ukku: wanda ake aiki da shi ya koma ɗaki, wanda yake da kyau amma ba mu aiki da shi, kamar rigar da ta yi ma yaro kaɗan kuma babu ƙane mai jiranta, a ba mai buƙata tun ba ta ruɓe ba, wanda ya mutu kuma a fitar da shi. Tsohon ƙarfe da fasasshiyar roba akwai masu yawo suna saye, ko dala nawa suka ba ka riba ce. Abin da ka ce za ka kai gyara, ka sa mishi ranar kasuwa. In kasuwa biyu ta wuce ba ka kai ba, ka san ba za ka kai ba.

Na biyu, sama da ƙasa. Ka durƙusa daidai tsawon ɗanka mai rarrafe ka dubi ɗakin, abin da idonka ya gani shi hannunshi zai kai. Isansi, kananzir, fiya-fiya, maganin feshin wake, maganin ɓera, ƙwayoyin likita, ashana, reza, duk su hau sama ko su shiga adaka mai kwaɗo. Kada a zuba ɗayansu cikin kwalbar lemo ko ta ruwan sha. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ba ta komawa ta ruwa ko an wanke ta sau goma, a huda ta a binne nesa da rijiya. Isansi kuwa kada ya kwana ɗakin da mutane ke kwana, balle yanzu da hunturu ke tafe, ana shiga da garwashi ɗaki, iska na kaɗawa, ga dangar kara ta bushe. Masu ajiye wake, tun shekarar 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai ruɓi ukku da ake ce ma PICS, wanda masu binciken noma na INRAN a Maraɗi suka yi aiki a kanshi. In an ɗaure shi da kyau ƙwari na mutuwa don rashin iska, ba sai an sa guba a ɗakin da yara ke barci ba.

Abin da yaro ke buƙata kuma ya sauko ƙasa. Na kafa ma kowane yaro ƙusa daidai tsawonshi don jakar lakkwal da allon makarantar malam, na ba kowa kwali guda na tufafinshi. Tun daga nan kukan safiya na ina kayena, ina bik ɗina, ya ragu ƙwarai.

Na ukku, takardu. Nan ne zuciyata ta fi ciwo a matsayina na malami. Kowace shekara in muka zo haɗa takardun ƴan aji shida, sai mun sami yaran da takardar haihuwarsu ta ɓace. Uba ya rantse an yi ta, kuma gaskiya an yi. Amma tana cikin wata tsohuwar riga, ko ruwan damina ya jiƙa ta, ko gara ta ci sunan. Na ga yarinya mai ƙoƙari, ta ɗaya a ajinta, tana kuka saboda takarda guda, ubanta yana Agadas ba wanda ya san inda ya sa ta. Kafin a sake wata sai an yi ta zirga-zirga zuwa Mayahi, a kashe kuɗin mota da kwanakin aiki. Maganin wanga abu ba shi da tsada. A sami gwangwani babba mai murfi ko ƙaramar adakar ƙarfe, a sa takardun haihuwa, karnen allura, katin ɗan ƙasa, takardar gona da ta aure, a naɗe cikin leda mai kauri, a ɗora sama ba a ƙasa ba. Mutum biyu su san wurin: maigida da uwargida. Mai waya mai hoto ya ɗauki hoton kowace takarda kafin ya tafi.

Na huɗu, tsakar gida. Gwangwani, tsohuwar taya, fasasshen tulu, duk abin da ke riƙe ruwa da damina mazaunin sauro ne, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai cizo bai fi mako ɗaya zuwa biyu ba. Ana ba ƙananan yaranmu maganin rigakafin zazzaɓi da damina, ana raba gidan sauro, mu kuma kada mu yi kiwon sauro a bayan ɗaki. Leda kuwa kun san aikinta. Wa bai taɓa ganin an yanka akuya an tarar da cikinta cunkushe da leda ba? Jar akuyarmu ta Maraɗi da ake yabo har ƙasashen waje, ita ce bankin matanmu, leda na kashe ta a banza. Tun 2014 gwamnati ta yi dokar hana irin wagga leda marar kauri, amma doka ba ta shigowa ta share ma kowa gida. Juji ya zama biyu: na toka da kashin dabbobi da shara mai ruɓewa, wanda amalanke zai kai gona, da rami na leda da batir da fasasshiyar kwalba, a binne. Kada a ƙona leda kusa da yara, hayaƙinta cuta ne, kada kuma a jefa batir a wuta.

Na biyar, yara su sa hannu. A makarantar horon malamai ta Bawa Jangwarzo a Maraɗi an koya muna raba aikin aji, kowane yaro da ranar shararshi da aikin da aka san shi da shi. Na kawo wannan gida. Ɗan shekara huɗu yana iya tara takalma a bakin ƙofa. Ɗan shekara bakwai yana naɗe tabarma ya tsince leda. Babba ya duba ruwan dabbobi ya maida hauya wurinta. Kuma da maza da mata. In muka bar ma ɗiya mata shara da wanke-wanke da ɗaukar ƙane su kaɗai, su ne ke zuwa lakkwal a makare suna gyangyaɗi. Ƴan'uwana ƴan cin rani, ku faɗi gaskiya, a Kano ko Sabha wa ke yi muku wanki da shara? Da hannunku kuke yi. To ku bar ɗiyanku maza su koya tun icce yana ɗanye.

Yanzu gargaɗi, don kada a ce malam ya haɗa faɗa a gari. Maigida, kada ka tashi daga nan ka faɗa ɗakin matarka ka ce jerenta ya yi yawa. Kwanoni da tasoshin nan dukiyarta ce, iyayenta suka tara mata, ranar wuya su take sayarwa, su za ta kai ɗakin ɗiyarta. Ka fara da turakarka da zaurenka, in ta ga ka yi za ta yi nata. Gida mai mata biyu, kowace ita ke da iko da ɗakinta. Ku kuma samari, kada ku taɓa kayan tsoho sai da izninshi. Tsohuwar jakar fata da kuke gani tarkace, wataƙila takardar gonar gidanku na ciki, ko littattafan kakanku. Da tsohuwar zuma ake magani. A zauna da shi, a tambaye shi, a gyara mishi wurin ajiya mai kyau.

Roƙona ga masu tafiya guda biyu ne. Kafin ku ɗauki jaka, ku ware kwana guda ku fito da kayanku, ku faɗi wanda za a ajiye da wanda za a bayar, don matanku na jin tsoron taɓa kayan wanda ba ya nan, sai ɗaki ya toshe shekara biyu ana jiranku. In za ku komo kuma, Allah ya komo da ku lafiya, kada ku kwaso mataccen talabijin don an ba ku shi da araha. Adakar ƙarfe guda mai kwaɗo ta fi shi amfani a gida mai yara.

Ga shugabannin ƙungiya kuma, ina ba da shawara a tsaida rana biyu a shekara, ɗaya yanzu bayan kaka kafin a watse, ɗaya kafin ruwan shuka, kowane gida ya yi wanga aiki, samari su bi da amalanke su kwashe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni kuma na ɗauki alkawari, duk wanda ya kawo takardun gidanshi lakkwal bayan an tashi, zan karanta mishi su, in rubuta sunan kowane yaro a bayan ambulan ɗinshi, ba da ko dala ba.

Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure iyayena ku gyara mini. Allah ya raya muna zuri'a, ya tsare mu da gobara, ya kai matafiya lafiya ya komo da su lafiya.