Ciwon Kai Iri-Iri Ne, Maganinsa Ma Haka

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama. Batun da zan yi magana a kai ya shafi kusan kowane gida a Jega da Aliero da Maiyama, wato ciwon kai mai tsanani da yadda muke shan maganinsa. A ofisoshinmu da wuya ka buɗe durowar ma'aikaci ba ka tarar da katin ƙwayoyi ba, kuma da zarar wani ya dafe kai sai na kusa da shi ya miƙo nasa ya ce, "Sha wannan, shi likita ya rubuta mini." Niyyar mai kyau ce, amma a nan ne ake neman gira a rasa ido.

Da farko mu rarrabe ciwon. Akwai ciwon ɓarin kai, wanda likitoci ke kira maigiren. Yakan kama gefe ɗaya yana bugawa kamar ana daka, da tashin zuciya ko amai, mutum ba ya son haske ba ya son hayaniya, sai ya nemi ɗaki mai duhu ya kwanta. Yakan ɗauki awa 4 zuwa kwana 3. Kusan mutum ɗaya cikin 7 a duniya yana fama da shi, kuma ya fi yawa ga mata kamar ninki uku. Wasu kafin ya zo sukan ga walƙiya ko zane-zane a idonsu. Rashin barci, da tsallake abinci, da ƙishirwa a zafin bazara suna tayar da shi, shi ya sa wasu suka fi jin jiki a farkon azumi, ko bayan wuni a fadama wajen ban ruwan albasa.

Na biyu shi ne wanda ake kira kulasta, ciwon kai mai zuwa zango-zango. Wannan bai da yawa, kamar mutum ɗaya cikin 1,000, kuma ya fi kama maza. Zafin yana taruwa a bayan ido ɗaya, idon ya yi ja yana hawaye, hancin wannan gefen ya toshe. Mai shi ba ya iya kwanciya, sai kai da kawowa. Yakan ɗauki minti 15 zuwa awa 3, ya kan dawo sau da yawa a rana, sau tari a lokaci guda cikin dare, har tsawon makonni, sannan ya ɓace wata da watanni. Mutane da yawa sukan ɗauka ciwon ido ne ko na haƙori, wasu ma su ce iska ce.

To, me ya sa wannan bambanci yake da muhimmanci? Saboda maganinsu ba ɗaya ba ne. Ƙwayar da za a haɗiya ba ta cika amfanar mai kulasta ba, domin kafin ta fara aiki ciwon ya gama azabtar da shi. Abin da ake yi masa a asibiti shi ne a sa masa iskar oksijin tsantsa ta abin rufe hanci da baki, ko allurar sumatriptan a ƙarƙashin fata. Don hana shi dawowa akan ba da verapamil, kuma wannan sai ana auna bugun zuciya a kai a kai. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da mutum zai yanke wa kansa a teburin mai kemis.

Yanzu mu dubi magungunan ɓarin kai da likita ke rubutawa. Mafi daɗewa shi ne ergotamine, wanda wani masanin haɗa magunguna mai suna Arthur Stoll ya tace a ƙasar Suwizalan a 1918, kuma da yawanmu mun san shi da sunan Cafergot. Daga baya, a 1991, aka fito da sumatriptan, wanda ake sayarwa da sunan Imigran. Dukansu biyu suna matse jijiyoyin jini, kuma ba na kai kaɗai suke matsewa ba. Saboda haka mai ciwon zuciya, da mai hawan jinin da bai daidaita ba, da wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, bai kamata su sha su ba. Ba a haɗa su biyun a yini ɗaya. Sai an bar awa 24 tsakani kafin a sha sumatriptan bayan ergotamine. Mace mai ciki ko mai shayarwa ba ta shan ergotamine sam. Haka kuma idan ya haɗu da erythromycin ko clarithromycin, ko wasu magungunan ƙanjamau irin su ritonavir, yakan taru a jiki har jini ya daina isa yatsu, su yi sanyi su mutu. Kun ga ke nan ƙwayar da ta yi wa abokin aikinka daidai tana iya zama guba ga mahaifinka mai hawan jini.

Akwai kuma magungunan rigakafi, waɗanda ake sha kullum ko da ciwo ko babu, ga wanda ciwon ke yawan tasar masa. Propranolol bai dace da mai asma ba. Amitriptyline yana sa barci, shi ya sa ake shansa da dare, kuma direba ko ɗan kabu-kabu ya kamata ya san da haka. Sodium valproate yana iya nakasa jariri a ciki, don haka ba a ba matar da ke iya ɗaukar ciki saboda ciwon kai. Irin waɗannan sai an yi wata 2 zuwa 3 ana sha kafin a san ko sun karɓi mutum, kuma ba a yanke su rana ɗaya ba da sanin likita ba. 'Yan'uwanmu mata masu ganin walƙiya kafin ciwon ya zo, su gaya wa ma'aikaciyar asibiti kafin a ba su ƙwayar tazarar haihuwa, domin wadda ke ɗauke da sinadarin istirojin tana ƙara musu haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Jama'a, ga wurin da nake so mu fi sa hankali. Maganin ciwon kai da kansa yana haifar da ciwon kai idan aka yawaita shansa. Likitoci sun sa masa iyaka da kwanaki: wanda ke shan ergotamine, ko sumatriptan, ko tramadol, ko kodin, ko ƙwayoyin da aka gauraya da kafin, har kwana 10 ko fiye a wata, ko kuma farasitamol da ibuprofen kwana 15 ko fiye, idan ya zarce wata 3 a haka, kansa yakan saba. Da maganin ya sake shi ciwon ya dawo, sai ya ƙara sha, ciwon da ke zuwa sau biyu a wata ya koma na kullum. Mafita ita ce a rage ko a daina bisa shawarar likita, tare da sanin cewa makonnin farko za su yi wuya kafin sauƙi ya zo. Tramadol da kodin kuwa ba maganin ɓarin kai ba ne tun asali, kuma duk mun ga abin da suka yi wa matasanmu, har Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Ko farasitamol da muke rainawa, babba ba ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini, in ba haka ba hanta ce za ta biya. Ibuprofen da diclofenac kuma suna tayar da gyambon ciki, suna taɓa ƙoda.

Wani ciwon kan ma ba na neman ƙwaya ba ne, na gaggawa ne. A farkon 2025 sanƙarau ya ɓulla a ƙananan hukumomin Gwandu da Jega da Aliero, aka yi asarar rayuka. Ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, asibiti nan take. Haka wanda ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko ya zo da karkacewar baki, ko mutuwar hannu, ko rikicewar magana, ko bayan faɗuwa daga babur, ko ga mai ciki da ƙafafunta suka kumbura. Kwantar da zafin da ƙwaya a irin wannan hali ɓata lokaci ne mai tsada.

Shawarata guda huɗu ce. Na ɗaya, mai wannan lalura ya sami ƙaramin littafi yana rubuta ranar da ciwon ya zo, da tsawonsa, da abin da ya sha, ya tafi da shi babban asibitin garinsu. Idan abin ya gagara a tura shi Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Na biyu, ya gaya wa likita duk abin da yake sha, har da na gargajiya. Na uku, ya sayi magani a kantin ƙwararren mai haɗa magani, ya duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ya guji na talla da rana ta gasa a kasuwa, kada kuma ya bar nasa cikin mota. Na huɗu, kada ya ba kowa nasa, kada ya karɓi na kowa.

Mu da muka yi karatu, mu ake kawo wa takardar asibiti a gida a ce mu karanta. Malamanmu da ke zaune a nan sun koya mana karatu da lissafi. To, mu yi amfani da su wajen karanta takardar da ke cikin kwalin magani da ƙirga kwanakin da iyalanmu ke shansa. Ina roƙon ƙungiya ta gayyato likita da mai haɗa magani daga cikin 'ya'yanta a taro mai zuwa, domin su amsa tambayoyin jama'a.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa malamanmu da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.