Kano zuwa Jidda: Tafiyar Sa'o'i Biyar



Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz a Jidda akwai tazarar kilomita kusan 3,400, tafiyar sa'o'i kamar biyar. Kakanninmu a ƙasa suka yi ta, ta Chadi da Sudan har bakin Bahar Maliya. Wasu shekaru suka yi a hanya, suna noma suna ƙodago, wasu a can suka zauna har yau jikokinsu na Sudan. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya sa aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazai suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo.

Amma ni wata tsohuwa maniyyaciya da ta taso daga Doguwa nake tunawa. Tun da asuba ta ɗaure jakarta, ta ratsa dajin Falgore, ta wuce Tudun Wada da Kwanar Dangora kafin ta ga Kano. Tafiyarta tun daga ƙofar gida ta fara.

Jami'an alhazai, don Allah ku sanar da mutanen karkara ranar tashi da wuri. Allah Ya karɓi ibada, Ya dawo mana da su lafiya.