Makomar Tsoka Bayan Daina Ɗaga Ƙarfe

Tsokar jikin ɗan Adam nama ce mai tsadar riƙo. Kullum jiki yana rushe sinadarin furotin da ke cikinta yana sake gina shi, kuma nauyin da ake ɗora mata shi ke sa ginin ya rinjayi rushewar. Idan mai ɗaga ƙarfe ya daina atisaye, wannan rinjaye yakan gushe, sai tsokar ta fara komawa gwargwadon aikin da take yi yau da gobe. Sai dai komawar tana bin mataki-mataki.

A makonni biyu zuwa uku na farko, ƙarfin mutum kusan yana nan yadda yake. Ramar da ake gani a damtse a wannan lokaci yawancinta ruwa ne. Tsoka tana ajiye sukari a sigar gilaikojin, kowane giram ɗaya kuma yana riƙe da ruwa kimanin giram 3. Da atisaye ya tsaya ajiyar takan ragu, sai hannun riga ya saki alhali zaren tsokar bai taɓu sosai ba. Bayan wata ɗaya ne zaren kansa yake fara sirancewa a fili. Ƙarfi kuwa ya fi girman tsoka daɗewa, domin wani kasonsa yana cikin ƙwarewar da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suka samu wajen sarrafa tsokar.

Wajibi ne a bambance daina atisaye da daina motsi gaba ɗaya. Wanda ya bar ɗaga ƙarfe amma yana tafiya kasuwa, yana hawan bene, yana ɗaukar kaya, a hankali yake rasa tsoka. Wanda ya kwanta jinya kuwa cikin kwanaki yake rasa ta. Duk wanda ya taɓa ganin hannun da aka kwance wa ɗori bayan karaya ya san yadda yake fitowa a tsotse, fata ta yi yaushi, kaurinsa bai kai na ɗan'uwansa ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2007 ya nuna cewa tsofaffi masu lafiya da aka kwantar kwana 10 sun rasa kusan kilo 1 na naman ƙafafunsu.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa tsoka takan rikiɗe ta zama kitse. Wannan kuskure ne, domin ƙwayoyin halittar tsoka daban, na kitse daban, kuma ɗaya ba ya juyewa ya zama ɗaya. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya bar atisaye amma bai rage cin da ya saba ba, sai damtse ya ragu, tumbi kuma ya fito a lokaci guda.

Abu mafi muhimmanci da bincike ya gano shi ne cewa tsokar da ta taɓa girma ta fi saurin sake girma. A 1991, a Jami'ar Ohio, Robert Staron da abokan aikinsa sun horar da mata na mako 20, suka bar su sama da wata shida ba atisaye, sannan mako 6 kacal suka ishe su maido da ƙarfinsu. A 2024, masu bincike a Jami'ar Jyväskylä ta ƙasar Finlan sun ga cewa bayan hutun mako 10, atisayen mako 5 ya maido da ƙarfi da girman tsoka matsayinsu na da.

Bayani biyu ake bayarwa game da hakan. Na farko ya fito daga ɗakin binciken Kristian Gundersen a Jami'ar Oslo a 2010. Zaren tsoka yana da cibiyoyi masu yawa waɗanda ke ba da umarnin ƙera furotin, kuma atisaye yana ƙara yawansu. Gwajin da aka yi a kan ɓeraye ya nuna cewa cibiyoyin da aka ƙara suna nan ko bayan zaren ya sirance. Masana na ci gaba da muhawara kan yadda wannan yake a jikin mutum. Bayani na biyu ya zo a 2018 daga Jami'ar Keele ta Ingila, inda aka nuna cewa atisaye yana barin alamomi a kan ƙwayoyin gado na tsoka, kuma wasu alamomin ba sa gogewa a lokacin hutu.

Riƙe tsoka ya fi gina ta sauƙi nesa ba kusa ba. A Jami'ar Alabama da ke Birmingham, a 2011, an horar da mutane mako 16, sannan aka rage musu atisaye na tsawon mako 32. Matasa sun riƙe girman tsokarsu da kashi ɗaya bisa tara na aikin da suka saba, sau ɗaya a mako, matuƙar nauyin ƙarfen bai ragu ba. Masu shekara 60 zuwa 75 sun riƙe ƙarfinsu, amma girman tsokarsu ya buƙaci aiki fiye da haka. Wannan ya dace da abin da aka sani cewa daga shekara 30 tsoka tana raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma.

Saboda haka hutun mako biyu ko uku, na tafiya ko jarrabawa ko azumi, ba abin tayar da hankali ba ne. Wanda hutunsa zai yi tsawo, ya ware rana ɗaya a mako ya ɗaga nauyi mai ma'ana, ya kuma kula da abinci mai gina jiki irin su wake, ƙwai, kifi, nono da nama. Dattawa da masu jinya su suka fi buƙatar wannan kulawa, domin a wurinsu tsokar cinya ita ce ke ba mutum damar tashi daga tabarma da kansa, ita ce kuma ke kare shi daga faɗuwa da karaya.