Jawabi ga masu walda na Gidigir: zaɓen sanda da ƙarfin wuta



Maganar amalanke nake so mu fara da ita. Ranar kasuwar Gidigir kun san irin lodin da ake mata: buhunan hatsi, kanwa, ga mutane a sama, ga rairayi a ƙasa. In waldar ƙarfen da ke riƙe da tayoyi ta ɓalle a daji, ba kaya kaɗai za a yi asara ba, ƙafar mutum ce za ta karye. Kuma sau da yawa laifin daga sandar walda ne, wadda muke ce wa bagat, ko daga wutar da aka ba ta.

Ku duba lambar da ke jikin sandar. 6013 ita muka fi sabawa da ita: saurin kamawa, ɗinki mai kyan gani, ta dace da ƙofa, taga, gado da ƙarfe mara kauri. Amma ba ta shiga ciki sosai. Wurin da zai ɗauki nauyi, 7018 ta fi ƙarfi. Sai dai ita ba ta son danshi ko kaɗan. Wanda ya bar kwalinta buɗe da damina, to ɗinkin zai fito da ƴan ramuka, daga baya ya tsage. Jikin famfon lambu kuwa, in ƙarfen zubi ne, sandar nikel yake so. Da tsada, na sani, amma wata sandar ɓata kuɗin mai lambu ce kawai.

Sai wuta. Akwai lissafi mai sauƙi: ka cire 1 daga kaurin sandar, ka ninka da 50. Sandar milimita 2.5, ampa 75 ke nan. Ta 3.2, ampa 110. Ta 4, ampa 150. Nan ne mafari, ba ƙarshe ba. In kana walda a tsaye ko sama da kai, rage kaɗan.

To, ta yaya za ka gane? In sanda tana maƙalewa, ɗinki ya taru tsibi-tsibi bisa ƙarfe, wuta ta yi kaɗan, bai narke ba, lafewa kawai ya yi. Wannan ne mai yaudara, don fenti yana rufe shi. In tartsatsi ya yi yawa, sanda ta yi ja, gefen ɗinki ya zaizaye, wuta ta wuce.

Masu aiki da janareta, kada ku yarda da lambar da ke kan inji ɗari bisa ɗari. Doguwar waya, ko siririya, tana shanye wuta kafin ta iso hannunku. Ƙaramin janareta kuma ba ya jan sandar 4, komai murɗa shi. Ku gwada a guntun ƙarfe tukuna, ku buga da guduma ku gani.

Ku kuma masu kawo aiki, tambaya ba raini ba ce. Ku ce: malam, da wace sanda za ka yi mini? Kuma ku ga ɗinkin kafin a shafa fenti.