Ɗigo Biyu da Amanar Jama'a: Kano da Rigimar Rigakafi

 

An ɗora mini magana kan taƙaddamar da kan ɓarke tsakanin hukuma da jama'a duk sanda aka zo da sabon abu na kimiyya. Misalin yana ƙofar gidanmu. Wanda ya tashi daga nan Ƙofar Mazugal ya yi wajen Fagge, ba zai yi nisa ba zai tarar da Asibitin Zana, kuma a harabar wannan asibitin aka shuka rigimar da Kano ta shafe kusan shekara ashirin tana girbe ta. Abin da zan kafa hujja a kai guda ne. Idan talaka ya rufe ƙofarsa ga abin da likita ya ce alheri ne, masu tsara manufa sukan yi saurin cewa jahilci ne, sai su ware kuɗin wayar da kai. Ni a ganina galibi amana ce ta karye, kuma amana ba a ɗinke ta da sanarwar rediyo. Ana ɗinke ta ne da hukumomin da talaka zai iya tuhuma, su kuma amsa masa.

A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewa, ta kashe mutum fiye da 11,000 a Najeriya. Ana tsakiyar wannan tashin hankali kamfanin Pfizer na Amurka ya sauka a Asibitin Zana, ya gwada sabon magani mai suna Trovan. Yara wajen 200 aka sa a gwajin, aka ba rabinsu Trovan, rabi kuma wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, 5 daga ɓangaren Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Adalci ne a faɗa cewa sanƙarau kansa yana kisa yana kuma nakasawa, kuma kamfanin ya tsaya a kan cewa bai yi laifi ba, ya ce an nemi yardar iyaye da baki. Amma iyaye da dama sun ce ba su san gwaji ake yi ba, su a zatonsu magani ake ba 'ya'yansu, musamman da yake likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna wurin suna jinyar masu cutar. Sai a ƙarshen 2000 jaridar Washington Post ta tono maganar, daga baya kuma ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, bayan gwajin aka rubuta ta aka mayar da kwanan watanta baya. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike a 2001, rahoton ya kwanta a durowa har 2006, shi ma jaridar waje ce ta fito da shi. Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75, iyalai na farko suka karɓi diyya a 2011. Shekara 15 ke nan tsakanin allura da diyya. Yaron da aka kai asibitin a goye, in ya rayu, ya isa shiga babbar sakandare.

To, a tsakiyar wannan jiran aka zo da ɗigon shan-inna gida-gida. Duk wanda ya zauna a cikin birni ya san yadda abin yake: mata biyu ko uku cikin hijabi, ɗaya rataye da akwatin ƙanƙara, su yi sallama a zaure, a ɗiga wa yaro ɗigo biyu a baki, a shafa masa tawada a ƙaramin yatsa, a rubuta lambobi da alli a jikin bango, bayan 'yan makonni a sake dawowa. Maigida kuwa tambayarsa ɗaya ce, kuma kowa a ɗakin nan ya taɓa jin ta: "Yarona na zazzaɓi, na je asibiti an rubuta mini magani in je in saya. Ƙyanda ta kashe mana yara ba wanda ya leƙo. Me ya sa wannan kaɗai ake biyo ni da shi har gida, kyauta?" Masana suna da amsa, wato shan-inna cuta ce da za a iya shafe ta daga doron ƙasa kamar yadda aka shafe agana, shi ya sa duniya ta zuba kuɗi a kanta. Amsa ce ingantacciya, sai dai ba ta taɓa ainihin ƙorafin mutumin ba, domin shi yana tambaya ne a kan wanda ya zaɓa masa cutar da za a fara yaƙa, ba tare da an ji ta bakinsa ba.

A 2003, shekarar da Amurka ta shiga Iraƙi, Dakta Datti Ahmad, shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'a, wanda shi kansa likita ne, ya yi zargin cewa an gurɓata maganin da sinadarin hana haihuwa. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin har kusan shekara guda. Aka yi ta aika samfuri Afirka ta Kudu da Indiya, wannan kwamiti ya ce lafiya lau, wancan ya ce ya ga wani abu, kowa ya riƙe sakamakon da ya yi daidai da ra'ayinsa. Ba a koma ba sai a watan Yulin 2004, bayan an samo maganin daga kamfanin Bio Farma na Indonesiya, ƙasar Musulmi. Ku lura da wannan da kyau. Maganin bai sauya ba ta fuskar kimiyya. Hannun da ya miƙo shi ne ya sauya.

Na san wani zai ce ina wanke waɗanda suka hana rigakafin. Ko kusa. Zargin hana haihuwa bai tabbata ba, gidajenmu cike da 'ya'ya su ne shaida, kuma dakatarwar kuskure ce da ƙananan yara suka biya da ƙafafunsu. Masu kamuwa da cutar a Najeriya sun tashi daga kimanin 200 a 2002 zuwa sama da 1,100 a 2006, ƙwayar cutar ta tsallaka ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman, har ita kanta Indonesiyar. Kuma a watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafi 9 a nan Kano, galibinsu mata masu neman na cefane. Allah ya jiƙan su. Babu uzurin da zai rufe wannan. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Aikin mai mulki shi ne ya san inda saran ya faru, ba ya tsaya yana yi wa mai gudun dariya ba.

Wani kuma zai ce gaskiyar kimiyya ba a kaɗa mata ƙuri'a. Haka ne. Ko duk Dala da Gwammaja sun taru sun ce ɗigon ba ya aiki, yana aiki. Sai dai manufa ba kimiyya zalla ba ce. Kimiyya tana gaya mana abin da magani ke yi a jiki, amma ba ita ke yanke wanda za a gwada shi a kansa ba, ko wanda zai biya in an samu ɓarna, ko cutar da za a fara kashe wa kuɗi. Waɗannan hukunci ne na siyasa da ɗa'a, jama'a na da haƙƙi a cikinsu. Ga kwatar Kano nan kusa da mu. Ba wanda ke kai tsokar nama ɗakin gwaji kafin ya sa a tukunya, amma muna ci hankali kwance, saboda mun san akwai mai yanka, akwai likitan dabbobi, akwai Sarkin Fawa, in an sayar maka da mushe ka san ƙofar da za ka buga. Uwar da aka gwada magani a kan ɗanta a 1996 ba ta da ƙofar bugawa.

Masu cewa annoba ba ta jiran shawara, su ma da gaskiyarsu, shi ya sa tun kafin annoba ta zo ake gina amana, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda aka ci nasara daga baya ma hujja ce a gare mu. An shigo da sarakuna da malamai cikin tsarin, musamman bayan kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a 2009 ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi. An ɗauki matan unguwa aiki, waɗanda suka san gidan kowa. An buɗe sansanonin lafiya inda ake duba zazzaɓi da gudawa a ba da magani tare da ɗigon, wato a ƙarshe an amsa tambayar maigidan nan. Yaro na ƙarshe da ƙwayar shan-inna ta asali ta kama a jihar Kano a Sumaila yake, a watan Yulin 2014, kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Kada mu ɗauka an gama. Mashaƙo ya ɓarke a 2023, Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa, alhali rigakafinsa tsoho ne. Ga kuma sabuwar muhawara kan irin shuka da aka sauya wa ƙwayar halitta, kamar waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, ta fitar a 2019 don ya jure tsutsar da ke cinye kwanson wake. Tuni jita-jitar hana haihuwa ta sake ɗagowa, da kalmomi kusan iri ɗaya da na 2003.

Don haka roƙona ga 'yan majalisar jiha da hukumomin lafiya da jami'o'inmu shi ne, a mayar da takardar neman yarda cikin Hausa, da boko da ajami, a karanta wa wanda bai iya karatu ba a gaban shaida. A sa wakilan unguwanni da malamai da mata a kwamitocin ɗa'ar bincike, da ikon cewa a'a. A ƙarfafa ɗakin gwaji a Jami'ar Bayero ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda zai auna magani ko iri ya buga sakamako a fili ko da bai yi wa gwamnati daɗi ba. A kuma tanadi hanyar biyan diyya da ba za ta ɗauki shekara 15 ba. Ku kuma iyaye, duk wanda ke da ɗan da bai kammala allurarsa ba, asibitin sha-ka-tafi na unguwarku yana yin ta kyauta, a kai shi cikin makon nan.