Allura Ko Jinya: Jawabi Ga 'Yan Kasuwar Litinin



Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya, kimanin 80,000 kuma da allura suke tsira wa kansu. A 2020 aka gwada raba musu sababbin allurai a jihohin Gombe, Oyo da Abiya, don kada su riƙa aron allura suna shafa wa juna ƙanjamau da ciwon hanta.

Wasu sun ce wannan taimakon ɓarna ne. Wasu kuwa sun ce ai sai da rai ake tuba. To, ni a ganina, malamai sun karantar da mu cewa ana kawar da babbar cuta da ƙarama. Amma fa da sharaɗi: wanda ya miƙa allurar, ya kama hannun yaron har asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke nan Maiduguri.

Jama'a, mu ma da namu aikin. Kada mu sayar da tiramol ko kodin a ɓoye. Yaron shagon da ya faɗa, kada a kore shi, ƙungiya ta haɗa masa kuɗin jinya.

Allah ya shirya mana zuri'a.